NDA ko jami'a tukuna? Maganar yaron da yake son zama injiniyan soja

Tun ambaliyar 2022 yaron nan ɗan yayana ya saka abin nan a ransa. Shekarar ruwa ya cinye kwalbatin da ya haɗa ƙauyenmu da titin Ringim, muka yi makonni sai a kwale-kwale ake fita, buhun shinkafa a ka, babur a ɗaga shi mutum huɗu, ranar da matar maƙwabcinmu ta tashi da naƙuda kuwa a kan ƙyauren ɗaki aka ɗauko ta har bakin ruwa. Lokacin yana aji uku na ƙaramar sakandare, kullum yana bakin wajen yana kallon inda ƙasa ta zaizaye ta bar ƙarafa a waje. Daga baya ya ga wani bidiyo a wayata, sojoji suna harhaɗa gadar ƙarfe guntu-guntu suna tura ta kan kogi, shikenan, tun ranar ba shi da zance sai injiniyan soja. Yanzu ya gama makarantar kimiyya, sakamako ya yi kyau, sai Yaya ya same ni bayan sallar isha'i yace Malam kai ne ka yi bokon, gaya min, yaron nan NDA zai nema ko jami'a zai fara? Na ce Yaya ba ni kwana biyu. Abin da na gaya masa shi ne zan rubuta anan, don na san ba gidanmu kaɗai ake wannan shawarar ba.

Hanya biyu ce babba in mutum yana son ya zama hafsa a ɓangaren injiniyoyin soja. Ta farko ya shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, kai tsaye daga sakandare, ya yi shekara biyar, karatun digiri haɗe da horon soja, ya fito da anini ɗaya a kafaɗa, wato ƙaramin laftanar. Ta biyu ya je jami'a ya karanta injiniya kamar kowa, ya yi bautar ƙasa, sannan ya jira sanarwar ɗaukar masu digiri da ake kira DSSC, in an ɗauke shi a ba shi horo na 'yan watanni a Jaji ya fito laftanar. Akwai ta uku, wato makarantar kurata ta Zariya, wannan ta ƙananan sojoji ce, tana da kyau ga wanda yake da sana'a a hannu kamar walda ko birkila ko kafinta ko tuƙin katafila, amma ba ita yaron yake nufi ba, don haka ba zan tsaya a kanta ba.

Kafin in shiga lissafin kuɗi da shekaru, akwai abin da nake son iyaye su gane, kuma tarihin manyan da suka yi wannan aikin ne ya nuna min shi. Ɗauki Obasanjo, mutane da yawa a wajenmu sun san shi shugaban ƙasa ne kawai, ba su san injiniyan soja ba ne. Ya shiga soja a 1958, aka horar da shi a Teshie ta ƙasar Gana sannan Ingila, ya zama hafsa a 1959, kuma ba da gini ya fara ba, da bataliya ta 5 ta sojan ƙafa ya tafi Kwango aikin kiyaye zaman lafiya, can yankin Bukabu, garin da aka saka wa barikin Bukavu na Kano sunansa. Bayan ya dawo ne aka mayar da shi ɓangaren injiniyoyi, aka tura shi makarantar injiniyoyin soja ta Chatham a Ingila, daga baya Poona a Indiya. Da yaƙin basasa ya yi tsanani a 1969 shi aka ba runduna ta 3 ya karɓa daga hannun Kanar Adekunle, a hannunsa Biyafara ta miƙa wuya a Janairun 1970, a 1975 aka ba shi kwamishinan ayyuka da gidaje na tarayya, da aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976 shi ya hau. Kaga wannan mutum soja ne tukuna, injiniyanci a kan sojan aka ɗora masa. Haka Janar Ihejirika, ta NDA ya shiga, ya fito a 1977 aka kai shi injiniyoyi, ya yi digiri a ABU Zariya yana cikin kaki, ya zo ya riƙe babban hafsan sojan ƙasa daga 2010 zuwa 2014. Ga marigayi Manjo Janar Mamman Kontagora, shi ma injiniyan soja, ministan ayyuka zamanin Babangida, kantoman ABU zamanin Abacha, ministan Abuja zamanin Abdulsalami, ya rasu 2013. Duk waɗannan da ka ji sun kai can sama ta ƙofar sojan yaƙi suka shiga, ba wanda ya zo da digirinsa a hannu daga waje aka ba shi horon 'yan watanni ya kai wannan kujerar.

To shi ya sa tambayar farko da na yi wa yaron ba ta kuɗi ba ce. Na ce zo nan, gaya min gaskiya, soja kake so ko gada kake so ka gina? Ya yi shiru, yace Baffa ai duka biyun. Na ce to in aka ce ɗaya za ka samu fa? Domin abin da yara ba su sani ba shi ne a NDA ba kai kake da ta cewa a kan ɓangaren da za a kai ka ba, rundunar ce take raba sababbin hafsoshi yadda take buƙata, wanda ya karanta injiniya yana da kyakkyawar dama amma ba alƙawari aka yi masa ba, zai iya tsintar kansa a sojan ƙafa ko atilare ko sigina irin ɓangaren da Murtala ya fito, kuma ba zai ce a'a ba. Shi kuwa na DSSC tun a fom ɓangaren injiniyoyi ya nema, don takardarsa aka ɗauke shi, aikin da za a fi ba shi kenan, zane, lissafin siminti da rodi, kula da ginin bariki da hanyoyi da rijiyoyin burtsatse. Sai dai shi ma akwai inda aka tsayar da shi, aikin nasa na wa'adi ne da ake sabuntawa, sai ya nemi a mayar da shi na dindindin, jagorancin manyan rundunonin yaƙi kuwa na 'yan NDA ne, kaɗan ne cikin masu shigowa da digiri suke kaiwa janar.

Yanzu kuɗi, wanda shi ne ya fi damun Yaya ko da bai furta ba. Mutumin da abin da ya dogara da shi gonar gero ce da 'yar fadamar shinkafa da riɗi, ga yara tara, in ka ce masa shekara biyar a jami'a ka ɗora masa dutse. Karatun injiniya shekara biyar ne a BUK ko ABU ko jami'ar kimiyya ta Wudil da yanzu ake kira da sunan Aliko Ɗangote, ga kuma sabuwar jami'ar fasaha ta tarayya a Ɓaɓura nan cikin Jigawa, kuma ba kuɗin rajista kaɗai ba ne, tun ma da aka ƙara shi a 2023, akwai ɗakin kwana, akwai abinci, akwai kuɗin mota, akwai kwamfuta wadda ɗalibin injiniya ba ya yi sai da ita, akwai watannin koyon aiki da yaro zai tafi wani gari ya ci da kansa, ga furojet a shekarar ƙarshe. Eh akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 kuma yana taimako sosai, akwai tallafin karatu na jiha in ya fito, amma bashi bashi ne, kuma duk wanda ya taɓa aika wa ɗalibi garin kwaki da ƙuli-ƙuli a motar kasuwa ya san sauran ɗawainiyar tana kan gida. NDA kuwa daga ranar da yaro ya shiga ƙofa gwamnati ta ɗauke maka shi, ci da sha da kaki da takalmi da magani da karatu, har da ɗan alawus a wata, ranar da ya fito albashi yana jiransa ba zai zaga da fayil ofis-ofis ba. Ta wannan fuskar wallahi ba a haɗa su, ga ɗan talaka na ƙauye NDA ta yi nisa.

Shekaru ma haka. Yaro ɗan 18 in ya shiga NDA yana 23 ya zama hafsa, kuma NDA ba ta yajin aiki. Na jami'a in komai ya tafi daidai 23 zai gama, 24 ya gama bautar ƙasa, amma yaushe komai ya tafi daidai? Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wajen wata tara, na 2022 wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, ina da ɗalibai na da suka dawo gida suka yi noman damina guda suka girbe suna jiran a koma. Bayan bautar ƙasar kuma sai ya jira sanarwa ta fito, ya yi takara da dubban masu digiri daga ko'ina, wasu da digiri na biyu, wasu da rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, wadda ita ma sai an yi shekaru ana aiki ake samunta, ga iyakar shekaru tana matsowa wajajen talatin. Abokin karatunsa da ya bi NDA a lokacin ya riga ya yi nisa, kuma a soja wanda ya riga ka ko da kwas ɗaya ne gabanka yake, kai za ka sara masa.

Amma fa kar wani ya karanta wannan ya ce shikenan NDA kawai. Akwai abin da jami'a take ba yaro wanda NDA ba za ta ba shi ba, kuma ni a wajena ba ƙaramin abu ba ne, wato takardarsa tasa ce, rayuwarsa tana hannunsa. In ya gama ya ga sojan ya fita daga ransa, ko aka gwada shi aka ce ido ko ƙafa, ga ma'aikatar ayyuka ta jiha, ga hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, ga kamfanonin hanya, ga koyarwa a kwalejin fasaha ta Kazaure ko Dutse ko Haɗeja, ko ya buɗe nasa yana zana wa mutane gida yana duba musu gini. Ya yi shekara biyar ba abin da yake yi sai karatun, ba a tashe shi da asuba fareti ba, ba ya shiga aji yana gyangyaɗi don an kwana ana horo, in yaro mai son lissafi ne da zurfafa bincike nan ne zai sake. Ɗan NDA kuwa in ya faɗi jarabawa ana iya mayar da shi baya, in ya maimaita ko ya karya doka ko jiki ya gaza a sallame shi, ya dawo ƙauye bayan shekara biyu ko uku ba digiri ba kaki, kuma kun san yadda bakin mutane yake. In ya fito lafiya ma ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama, ba ya zaɓen garin da zai zauna, bikin ƙanwarsa ko jana'izar kakarsa sai an ba shi izini. Yaron da aka tura don kawai babu kuɗin jami'a, ba don yana so ba, shi ne ya fi shan wahala a can.

Sai maganar da mahaifiyarsa ta yi, wadda ta fi duk lissafina nauyi. Tana bakin murhu ta ji muna ta zance, sai tace ita dai a bar shi ya yi jami'ar, in ya so ya shiga a matsayin injiniya, tunda injiniya ai ba ya zuwa bakin daga. Na ce Yaya Babba ki yi haƙuri, ba zan ɓoye miki ba, ba haka abin yake ba. Akwai wani tsohon saje a garin da ke kusa da mu da ya yi aikinsa a wannan ɓangaren, ranar kasuwa na zauna da shi a rumfar mai shayi, ya ɗauki tsinke yana zana min a ƙasa yadda ayari yake tafiya, ya ce Malam ka ga nan gaba, kafin motar farko, mu ne, da na'ura a hannu muna shara hanya taku-taku, in ta yi ƙara kowa ya tsaya, mutum ɗaya ya durƙusa ya fara tone ƙasa da yatsu. Aikin injiniyan soja kenan a Borno da Yobe, tono nakiyoyin da aka binne a hanya da kwance su, gyara gadar da aka fasa don motoci su wuce, haƙa ramuka da tare sansani, wani lokacin rusa abin da abokan gaba za su yi amfani da shi. A makarantarsu ta Makurɗi da ake kira NASME ake koya musu duk wannan, kuma ko ta NDA ka shigo ko ta DSSC kaki ɗaya ne, inda aka tura ka nan za ka je. Ta yi shiru, ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ni dai ina ganin duk gidan da uwa ba ta yarda ba a dakata, a zauna da ita a gaya mata gaskiya, kar a yaudare ta da cewa aikin ofis ne.

Tafiyar bayan an shiga kuwa doguwa ce ga kowa, jarabawar ƙarin girma daga laftanar zuwa kyaftin, daga kyaftin zuwa manjo, kwas a kwalejin hafsoshi ta Jaji, in an yi nisa kwalejin tsaro ta Abuja ko cibiyar nazarin manufofi ta Kuru, kowane muƙami da iyakar shekarunsa, aiki ba ya wuce shekara 35, kuma in aka naɗa na bayanka shugaban runduna to kai sai ritaya. Anan ma wanda ya shiga da ƙuruciya shi yake da filin da zai taka duk matakan.

Abin da na ce wa Yaya a ƙarshe shi ne yaron ya fara gwada NDA, dalilina kuma ɗaya ne, ƙofarta ce take saurin rufewa. Da ya ɗan haura shekara ashirin an wuce wajen, kuma sai marar aure, jami'a kuwa tana nan ko yana da talatin. A JAMB dole NDA ce zaɓin farko, darussan Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, makin da ake nema a injiniya ya fi na sauran fannoni, sannan jarabawar tantancewa tasu, sannan zama gaban kwamitin zaɓe a Kaduna inda ake gwajin lafiya da gudu da hira. In bai samu ba ya canza zaɓi zuwa jami'a da makinsa, bai yi asarar komai ba sai kuɗin fom da na mota, ya kuma riƙe DSSC a ransa. Wanda ya fara da jami'a kuwa ya gama, NDA ta wuce shi har abada. Da yaron ya ce min gada kawai yake so, ko ya kasance mai rauni ne a jiki, ko uban yana da halin ɗaukar nauyi ba tare da ya sayar da gona ba, da jami'a zan ce kai tsaye ban ko yi shawara ba.

Guraben jiha-jiha ake raba su, don haka ɗan Jigawa da 'yan Jigawa yake takara, ƙananan hukumomi 27, ɗan Kano kuma da 'yan ƙananan hukumomi 44 har da 'yan birni masu lesin, kun ga mu nan muna da ɗan sauƙi in mun shirya. Kuma abin da yake kayar da yaranmu na ƙauye sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ba ce, takardu ne. Ranar da na ce yaron ya kawo min nasa muka baje a tabarma, a takardar firamare an rubuta shekarar haihuwa daban, a NIN daban, sunan mahaifinsa a wata Muhammad a wata Mamman, ga takardar shaidar ƙaramar hukuma babu ita sam. Wannan kaɗai ya isa a dawo da shi daga bakin ƙofa. Dan Allah a gyara waɗannan tun kafin a buɗe fom, a kai yaro babban asibiti a duba idonsa da jininsa da ciwon hanta, a auna tsayinsa don namiji ana neman mita 1.68, a samu inda zai riƙa taɓa kwamfuta ko sau ɗaya a mako don jarabawar a kanta ake yi, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba rabin lokacinsa a neman inda zai danna yake ƙarewa.

Kuma a kiyayi masu cewa suna da hanya. Mu an taɓa yi mana, shekarun baya wani ya zo da mota mai kyau yana kiran sunayen manya yace yana da gurbi, wani ɗan'uwanmu ya sayar da bijimin huɗarsa ya ba shi, har yau ba yaro a soja ba bijimi, damina biyu yana aron shanun mutane. Abin yana ci min rai duk sanda na tuna. Sunayen waɗanda aka ɗauka a fili ake fitar da su jiha-jiha kowa ya gani a wayarsa.

Yanzu dai Yaya ya ware buhu biyu na riɗi na kuɗin JAMB da zirga-zirgar Kaduna, ni na ɗauki gyaran takardu, ranar Litinin za mu shiga sakatariyar ƙaramar hukuma da shi. Yaron kuma kullum bayan asuba yana gudu a kan jingar fadama har wajen sabon kwalbatin ya dawo, jiya ya ce min Baffa yanzu ina zuwa in dawo ban tsaya ba, na ce to ƙara da zagaye ɗaya, kuma ka kawo min littafin Fiziks ɗin da daddare mu duba inda ka tsaya.